Zoben Doreen

Biyar da rabi na asuba a Sunderland,
bas ɗin farko bai iso ba.
Yayyafi kamar kyautar marowaci,
bai zuba ba, bai ɗauke ba.
Ina tsaye a rumfar jira da rigar aiki
ina ƙirga abin da na baro a Kaltungo:
uwa mai ciwon gwiwa, gonar gyaɗa,
da gurbina a benci na uku na zumuntar mata.

Ubangiji, ba a ɓoye wa mai wanka cibiya.
Na yi fushi da kai.
Wata bakwai gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba.
Na ce ka kawo ni inda rana ke leƙowa kamar mai bin bashi,
ina wanke tsofaffin wasu,
tawa tsohuwar kuwa 'ya'yan maƙwabta ke ɗebo mata ruwa.

A ɗaki na sha huɗu akwai Doreen.
Ta manta sunan layinsu,
ta manta shayi yana ƙona baki,
jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta
wadda aka binne tun ba a haife ni ba.
Ƙarfe goma daidai Hedley zai turo ƙofa,
sanda a dama, leda a hagu,
lemo ɗaya tak a ciki.
Da hannun da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙera jiragen ruwa
zai ɓare, ya cire zaren, ya kai mata baki.
Ita kuma ta dube shi
kamar wanda ya zo karanta mitar wuta.
Shekara hamsin da takwas da aure.

Ran Talata zobenta ya faɗi.
Na tsince shi ƙarƙashin gado, kusa da silifa.
Doka ta ce a sa a ambulan, a rubuta suna, a kulle a ofis.
Tsoho ya ce, "Keziya, ko kina da zare?"
Na warware na bakin aljihuna na ba shi.
Ya zauna yana naɗawa a cikin zoben,
hannu na rawa, zare na kuɓucewa, yana sakewa,
har ramin ya tsuke.
Ya zura mata. Ya zauna daram.
Bai ɗago ba ya ce,
"Zoben yana nan yadda yake. Yatsan ne ya rame."

Na kwashi zannuwan gado na sauka ɗakin wanki.
Injuna uku na juyi, ba mai jin kukan kowa.
Nan na tuna kogin da aka yi mini baftisma,
ina 'yar sha huɗu, ruwa iya ƙugu,
Fasto Lamido ya riƙe ƙeyata,
na fito ina tari, mata na guɗa a kan yashi.
Ran nan na ce ni taka ce.
Na ɗauka ni ce ke riƙe da maganar.

Ashe tun daga filin jirgi nake ramewa.
Ashe kullum kana turo ƙofa
da ɗan abin da ka ɓare mini:
saƙon muryar Mama da tsakar dare,
direban da ya jira ni ina gudu a kan ƙanƙara,
ƙaramin ƙoƙon jibi da na karɓa ran Lahadi
da zuciya a bushe, ka kuwa bar ni na sha.
Ni kuma ina dubanka kamar baƙo.

Ban iya doguwar addu'a yau ba.
Gwiwa ta manta, siminti da sanyi,
ga ƙararrawar ɗaki na tara tana kira.
Ga dai hannun, Almasihu, yadda ya koma.
In da sauran zare, naɗa.